Me Ya Sa 'Yan Sama Jannati Ke Kasa Tafiya Idan Sun Dawo Duniya?

Ranar 18 ga Maris, 2025, kumbon kamfanin SpaceX ya sauka a teku daura da gaɓar jihar Florida ta Amurka, aka fito da 'yan sama jannati Sunita Williams da Butch Wilmore, aka ɗora su a kan gadon ɗaukar marasa lafiya suna murmushi suna ɗaga hannu. Sun tashi ne tun 5 ga Yuni, 2024, a kumbon Starliner na kamfanin Boeing da niyyar yin kimanin kwana takwas, amma matsalar da kumbon ya samu ta sa suka shafe kwana 286 a sararin samaniya. Bidiyon ya zagaya wayoyin mutane, kuma a teburin mai shayin da nake zama a Agege na ji fassara iri-iri. Wani ya ce ai sun shanye ke nan, wani ya ce yunwa ce ta cinye su. Bayan wata uku kuma, da lauyan nan ɗan asalin Legas, Owolabi Salis, ya tafi a kumbon kamfanin Blue Origin ya dawo ya fito da ƙafafunsa, sai gardamar ta sake tashi, masu cewa duk shiri ne suka samu abin kafa hujja: ta yaya wannan ya taka, waɗancan suka kasa?

Amsar a taƙaice ita ce tsawon lokaci. Tafiyar Salis gaba ɗayanta kimanin minti goma ce, kuma 'yan mintoci kaɗan ya yi cikin rashin nauyi, alhali su Williams sun yi fiye da wata tara. Amma tambayar ta cancanci a warware ta sosai, domin abin da ke samun jikin ɗan sama jannati yana da kusanci ƙwarai da abin da ke samun majinyatanmu a kan gado.

Rashin nauyi, da kalmar jijiya

Mutane da yawa suna ɗauka cewa a can sama ƙasa ta daina janyo abubuwa. Ba haka ba ne. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana nisan kilomita 400 ne kacal daga doron ƙasa, kuma a wannan nisan ƙarfin janyowar ya ragu ne da kimanin kashi goma cikin ɗari kawai. Abin da ke faruwa shi ne tashar da mutanen cikinta suna faɗowa ne tare ba tsayawa, sai dai gudun da suke yi, kusan kilomita 28,000 a awa, ya sa suke kewaya duniya a maimakon su afka mata. Duk wanda ya taɓa shiga lif a dogayen benayen unguwar Marina da ke Legas ya san sauƙin nan da ake ji a ciki lokacin da lif ya fara gangarowa. A tashar, wannan yanayin ne ba ya yankewa dare da rana, babu abin da ke danne ƙafa da ƙasa, babu abin da ke danne ƙashin baya.

Akwai kuma ruɗanin da harshenmu ke kawowa. A Hausa muna cewa jijiya ga hanyar jini, muna cewa jijiya ga agarar da ta ɗaure tsoka da ƙashi, muna kuma cewa jijiya ga zaren da ke ɗauko saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa gaɓoɓi. A wannan bayanin, jijiyar saƙo nake nufi in ban ce ta jini ba. Wannan bambancin yana da muhimmanci, domin idan aka ce jijiyoyin ɗan sama jannati sun samu matsala, mai sauraro yakan hango shanyewar jiki, alhali jijiyoyin nan ba su tsinke ba, ba su mutu ba. Abin da ya canja shi ne yadda ƙwaƙwalwa ke fassara saƙon da suke kawowa da kuma irin umarnin da take aikawa ta cikinsu.

Shaidu uku a gaban ƙwaƙwalwa

Tsayuwa a kan ƙafa biyu aiki ne babba, sabo ne kawai ya sa ba ma lura. Kafin mutum ya tsaya cak, ƙwaƙwalwa tana karɓar shaida daga wurare uku: ido, da cikin kunne, da kuma gaɓoɓi, musamman tafin ƙafa da idon sawu da wuya. A can cikin kunne akwai wasu 'yan jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙananan ƙwayoyi kamar yashi, suna kwance a kan wasu siraran gasusuwa. Idan mutum ya karkata kai, nauyi yakan ja ƙwayoyin su danne gasusuwan, jijiya ta kai labari cewa kai ya karkata. Da wannan muke sanin sama da ƙasa ko da a cikin duhu.

A tashar sama ƙwayoyin nan ba su da nauyin da zai ja su, saboda haka shaidar kunne ta daina dacewa da ta ido. Wannan saɓanin ne ke sa fiye da rabin 'yan sama jannati jiri da tashin zuciya a kwanakin farko. Bayan 'yan kwanaki ƙwaƙwalwa takan yanke hukunci irin na alƙalin da ya ga wani shaida yana tufka da warwara: ta rage sauraron kunne, ta jingina da ido. Mutum ya samu lafiya, ya ci gaba da aikinsa yana shawagi.

Ranar dawowa sai lamarin ya juye. Nauyi ya dawo gaba ɗaya cikin 'yan mintoci, ƙwayoyin kunne sun koma aiki, amma ƙwaƙwalwa tana nan a kan hukuncinta na wata shida ko tara. Idan ɗan sama jannati ya ɗan sunkuyar da kai, sai ya ji kamar an hankaɗa shi gaba. Idan ya zo shan kwana a lungu, sai ya bugi bango. Idan aka ce ya rufe ido ya tsaya, sai ya fara tangaɗi, domin an ɗauke masa shaida ɗaya tilo da ya saba dogara da ita. Wanda ya taɓa hawa jirgin ruwa daga Ikorodu zuwa tsibirin Legas ranar da ruwa ke da igiya, ya sauka ya ji kamar ƙasa na lilo da shi, ya ɗanɗani kaɗan daga cikin wannan. Nasa yakan wuce cikin mintoci ko awoyi, na ɗan sama jannati kuwa yakan fi tsanani a kwana biyu ko uku na farko, sannan ya riƙa raguwa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Shi ya sa ake hana su tuƙa mota na wasu makonni, shi ya sa kuma ɗora su a kan gado bayan sauka ƙa'ida ce ta kariya daga faɗuwa, ko da mutum yana jin zai iya takawa.

Akwai wani ɓangaren da ya fi ba ni sha'awa, wato yadda ƙwaƙwalwa ke auna ƙarfin da za ta tura. Dubi ɗan garuwa a unguwa: ya saba da nauyin jarka mai lita 25, hannunsa ya san daidai ƙarfin da zai sa kafin ma ya taɓa ta. Ranar da ya fizgi jarkar da ya ɗauka cike take alhali babu komai a ciki, sai ka ga hannun ya yi sama har ya nemi ya faɗi. Lafiyar hannunsa ƙalau, awon ne ya kuskure. Ɗan sama jannati yana dawowa da irin wannan kuskuren ta ɗaya fuskar, domin ya saba tura kaya masu yawa da yatsa ɗaya. Chris Hadfield na ƙasar Kanada, da ya dawo a 2013, ya bayyana cewa har nauyin harshensa da leɓɓansa ya riƙa ji, sai da ya sake saba wa magana. Wasu sukan saki kofi ko alƙalami a iska suna tsammanin zai tsaya inda suka bar shi. Tafin ƙafa ma, da ya yi watanni bai taka komai ba, kantarsa takan zube ya yi laushi, ya riƙa zafi idan an taka. Scott Kelly, wanda ya yi kwana 340 tsakanin 2015 da 2016, ya ba da labarin yadda fatarsa ta riƙa yi masa zafi da ƙuraje a duk inda ta gogi kujera ko tufafi.

Ga kuma jijiyoyin jini. A duniya nauyi yana janyo jini zuwa ƙafafu, jiki kuma ya saba matse jijiyoyin ƙafa don jini ya kai ga kai. A sama ruwan jiki yakan taru a ƙirji da fuska, jiki ya ɗauka ruwa ya yi yawa ya rage shi, har ruwan jini ya ragu da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Da an dawo an miƙe tsaye, jinin da ya rage ya gangara ƙasa, sai duhu ya rufe ido. Don haka ne suke shan ruwa da ƙwayoyin gishiri kafin sauka, suna kuma sa matsattsun tufafi a ƙafafu da ciki. Wannan matsalar tana cikin masu saurin gyaruwa.

Tsoka ba ta da saurin jijiya

Jiki ba ya ciyar da abin da ba ya yi masa aiki. Tsoka tana da tsadar riƙewa, kullum ana rushe wani sashe nata ana sake ginawa, kuma abin da ke ba da umarnin ginin shi ne ɗaukar nauyi. Idan nauyi ya tafi, ginin ya ragu, rushewar ta ci gaba. Ba kowace tsoka ce ke ramewa daidai da 'yar'uwarta ba. Hannuwa ba su cika shan wahala ba, domin da su ake tafiya a tashar. Waɗanda abin ya fi ci su ne tsokokin da aikinsu shi ne riƙe mu a tsaye tun safe har dare: sha-raɓa, cinya, ɗuwawu, da siraran tsokokin da ke manne da ƙashin baya. Wani bincike da aka wallafa a 2009 kan waɗanda suka yi wata shida a tashar ya nuna sha-raɓarsu ta ragu da kimanin kashi 13 cikin ɗari, ƙarfin fizgarta kuma ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku, duk da cewa suna motsa jiki. Irin zaren tsokar ma yakan canja, daga mai jure dogon aiki zuwa mai saurin gajiya.

Rashawa ne suka fara ganin haɗarin ƙiri-ƙiri. A 1970 Andriyan Nikolayev da Vitaly Sevastyanov sun yi kwana 18 a kumbon Soyuz 9, wuri matsattse da babu isassun kayan motsa jiki, suka dawo da kyar suke iya tsayuwa, aka yi kwanaki ana jinyarsu. Daga nan motsa jiki ya zama dole. A yau kowane mazaunin tashar yana da kimanin awa biyu a kowace rana: gudu a kan na'ura an ɗaure shi da igiyoyin roba daga kafaɗa da ƙugu don su danne shi, tuƙa keke marar sirdi, da kuma na'urar ARED wadda ke amfani da matsin iska ta ba da turjiya irin ta ɗaga ƙarfe. Amfanin wannan ya bayyana tun a 1995, lokacin da likitan nan Valeri Polyakov, bayan kwana 437 a tashar Mir ta Rasha, ya dage ya taka da ƙafarsa daga kumbo zuwa kujerar da aka ajiye masa a kusa.

Farfaɗowar tsoka hawa biyu ce, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa. A makonnin farko ƙarfi yakan dawo da sauri har a yi mamaki, amma yawancin wannan ƙarfin daga jijiya yake, domin ƙwaƙwalwa ce ta sake koyon tashin zaren tsoka masu yawa a lokaci guda. Naman kansa bai riga ya ciko ba. Cikowarsa sai a hankali, cikin wata ɗaya zuwa uku ko fiye, gwargwadon daɗewar mutum a sama. A tsakanin nan kuma tsokar da ta rame tana da saurin yagewa, musamman a aikin da take birki, kamar sauka daga matakala ko durƙusawa. Saboda haka ne shirin hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, na kwana 45, awa biyu kullum, yake farawa da tafiya da miƙa gaɓoɓi da motsi a cikin ruwa, sannan atisayen daidaita tsayuwa, kafin a kai ga gudu da ɗaga nauyi. Frank Rubio, wanda ya dawo a Satumbar 2023 bayan kwana 371, ya yi maganar ciwon tafin ƙafa da na ƙasan baya a farkon dawowarsa.

Bayan yana da nasa labarin. Idan babu abin da ke danne shi, ƙashin baya yakan miƙe har mutum ya ƙara tsawo da 'yan santimita, tsokokin da ke tallafe shi kuma su saki. Bincike ya nuna 'yan sama jannati sun fi sauran mutane haɗarin gocewar faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya, kuma haɗarin ya fi yawa a watannin farko bayan sauka.

A ganina, wannan shi ne abin da ya fi kamata mai karatu ya riƙe: sassan jiki ba sa warkewa tare. Jiri yakan tafi cikin kwanaki, mutum ya ji ya dawo daidai, alhali tsoka tana baya da watanni, ƙashi kuma yana bayan tsoka. Lokacin da mutum ya fara jin garau shi ne lokacin da ya fi kusa da jin rauni.

Inda masana ba su gama daidaitawa ba

Ƙashin ƙugu da na ƙafa yakan rasa kashi 1 zuwa 1.5 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowane wata a sama. A 2022 masu bincike na jami'ar Calgary da ke Kanada sun wallafa sakamakon bin diddigin 'yan sama jannati 17, suka ga bayan shekara guda da dawowa fiye da rabinsu ƙashin ƙwaurinsu bai koma yadda yake ba, kuma waɗanda suka fi daɗewa su suka fi asara. Wani binciken na 2023 ya nuna ramukan ruwan da ke cikin ƙwaƙwalwa suna faɗaɗa, kuma suna iya buƙatar shekara uku kafin su koma. Akwai kuma canjin da ake gani a bayan ido.

Daga nan ra'ayi ya rabu. Wasu suna ganin motsa jiki da abinci da magani sun isa, suna kafa hujja da mutane irin Oleg Kononenko, wanda jimillar kwanakinsa a sama ta haura dubu ɗaya kuma ya sha komawa. Wasu suna ganin babu makawa sai an ƙera kumbo mai juyawa da zai samar da nauyi na wucin gadi. Tafiya zuwa duniyar Mars ce ta sa gardamar ta yi zafi, domin hanyar takan ci wata shida zuwa tara, nauyin can kuma kashi 38 ne cikin ɗari na namu, sannan babu likita ko gadon da zai tarbi mutum idan ya sauka. Ni na fi karkata ga masu taka-tsantsan, saboda mutanen da aka yi binciken a kansu ba su da yawa, kuma zaɓaɓɓu ne masu cikakkiyar lafiya.

Gadon jinya a Legas

Da masana suka so su kwaikwayi rashin nauyi a doron ƙasa, gado suka nema. A birnin Kolon na Jamus da Tulus na Faransa ana kwantar da masu sa kai har kwana 60 a gadon da aka karkatar da wajen kai ƙasa da digiri shida, kuma jikinsu yakan nuna kusan duk abubuwan da na lissafa. Tun a 1966 aka kwantar da samari biyar 'yan shekara 20 na mako uku a birnin Dallas. Da aka sake gwada su bayan shekara 30, sai aka tarar kwanciyar mako ukun nan ta fi raunana ƙarfin zuciya da numfashinsu fiye da tsufan shekara talatin. A tsofaffi abin ya fi muni, domin wani gwaji na 2007 ya nuna kwana goma a kwance sun ci kusan kilo ɗaya na naman ƙafafun dattawa masu lafiya.

Mu kuwa, nuna ƙaunarmu ga majinyaci shi ne mu hana shi motsi. "Baba, ka kwanta ka huta, me kake so a kawo maka?" A kawo buta bakin gado, a kawo abinci, a hana shi ko zuwa ƙofar gida. Niyyar mai kyau ce, kuma ba na zargin kowa a kanta. Amma na ga dattawa da zazzaɓin mako biyu ya kwantar, zazzaɓin ya tafi, su kuma ba su sake yin salla a tsaye ba, aka ce tsufa ne. Sau da yawa cinyar ce ta tafi a kan katifa, kuma da an riƙa zaunar da su ana tsayar da su ana takawa da su kaɗan-kaɗan, da izinin likita, da wataƙila ba a kai ga haka ba.

Dole in ja kunne a nan, domin kwatancen yana da iyaka. Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki ko rauni a laka, jijiyarsa ce ta lalace da gaske, kuma jijiyar hannu ko ƙafa da ta yanke, ko an ɗinke ta, kimanin milimita ɗaya take tsirowa a rana. Wani babban gwaji da aka wallafa a 2015 kan masu shanyewar ɓarin jiki fiye da dubu biyu ya nuna tayar da su da yawa tun cikin awa 24 na farko ya fi cutarwa fiye da amfani. Karaya ma ba a taka ta sai an ce a taka. Saboda haka tambayar da ya kamata mai jinya ya yi wa likita tun ranar farko ita ce yaushe za a fara motsi, wane iri, sau nawa a rana. Manyan asibitoci irin na ƙashi da ke Igbobi da na koyarwa da ke Idi-Araba suna da sashen gashin ƙashi don wannan aikin, kuma yawancin atisayen da ake koyarwa a can ana iya ci gaba da su a ɗaki ba tare da na'ura ba.

Akwai wani ɗan garinmu da ke dako a kasuwar Mile 12, mota ta buge shi ya karye a ƙwauri, ya yi mako takwas da siminti a ƙafa. Ina wurin ranar da aka yanke simintin. Ƙafar ta fito siririya kamar ba tasa ba, fata tana saɓulewa, idon sawu ya ƙage, ya dube ta ya dube ni ya ce, "Yaya, sun kashe min ƙafa." Ma'aikaciyar gashi ta sa shi ya motsa yatsun ɗaya bayan ɗaya don ya gani da idonsa cewa saƙo yana isa, ta ce ya fara da dangana ƙafar a ƙasa yana riƙe da sanda, ta kuma gargaɗe shi kada ya koma ɗaukar kaya don kawai ya ji zafi ya tafi. Cikin mako uku ya ajiye sanda, ya fara maganar komawa kasuwa, domin mai dako in bai ɗauka ba bai ci ba. Da kyar 'yan'uwa suka haɗa masa abin da zai riƙe shi na wasu makonni, ya riƙa taimaka wa mai tumatir da tsinta a zaune. Sai a wata na biyar ya koma dako, da rabin kwando ya fara. Na gan shi kwanan baya a kan gadar masu tafiya da ƙafa: hawa yake yi ba gargada, amma wajen sauka har yanzu yana dafa ƙarfen gefe, yana fara sauke ƙafar da ta karye, sannan mai lafiyar ta biyo.